Zagayen Ranar Litinin

3 ga Maris

Zuwa ga Kunkuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da aikin nan da ya hana ki zumunci. Mu nan lafiya lau. Kaka gwiwoyin ne dai kamar kullum, ta daina hawa bene, mun sauko mata da gadonta ɗakin ƙasa. Babbar 'yata ta fara saka tabarau irin naki, har da ɗaga hancin.

Da biro na rubuto don ba na son maganar nan ta bi ta kwamfutar ofis. Ranar Alhamis Shugaban kamfani ya tara mu a ɗakin taro, ya ce doka ta tilasta wa duk masana'antar da ma'aikatanta suka kai yawan namu ta kafa tsarin kwarmata laifi, wato hanyar da ma'aikaci zai tona ɓarna ba tare da an yi masa bi-ta-da-ƙulli ba. Na gyara zama, don na ɗauka ni zai kira. Shekara goma sha huɗu ina jami'ar kula da ma'aikata a masana'antar kwalin nan. Akwatin ƙorafin da ke bakin ɗakin cin abinci ni na sa kafinta ya ƙera shi, ni na zaɓi koren fentinsa, makullinsa kuma yana zobe ɗaya da na gidana. Sai kawai ya ce an ɗauko ƙwararru daga waje, ya miƙo takardar ofishinku. Ina dubawa ga sunanki a layi na biyu, da wasu haruffa jere a bayansa kamar wutsiya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, raina ya ɓaci. Tun ranar da aka kawo ki gidanmu bayan rasuwar mahaifiyarki, aka ce mini ga jikar ƙanwar Kaka, ki riƙe ta, haka muke. Ni na koya miki riƙe fensir, ke kika riƙa zuwa ta ɗaya ina ta biyu. Ke aka tura karatun lauya, ni na tsaya jinyar Baba. Ban taɓa cewa komai ba. Amma wannan akwatin shi kaɗai ne abin da na gina da hannuna, kuma shi ma sai da kika biyo sawunsa.

Duk da haka ɗakinki yana nan, na sa an share. In kin zo sai ki sauka gida, in ba ki labarin kowa a masana'antar tun daga maigadi har Shugaba, ki huta da yawon tambaya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wata takwas ɗin da na ba ki ba su goge ba.

Yayarki

14 ga Maris

Yaya,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin ganin rubutunki ko da faɗa ne a ciki. Muna lafiya, sai murar da ta zagaye gidan ta tsaya a kaina. Ki gaishe mini da Kaka, ki ce ta riƙa gasa gwiwoyin da ruwan ɗumi.

Wallahi ban san masana'antarku ce ba sai da aka ɗora mini fayil ɗin a tebur. A ranar na shiga wurin shugabar ofishinmu na ce mata ina da 'yar'uwa a can, kuma ita ce mai riƙe da akwatin ƙorafi. Aka rubuta haka, aka sanar da kamfaninku. Suka yarda in yi aikin, da sharaɗin abokin aikina ne zai zauna da ke, ba ni ba.

Ga abin da za mu gina, don kada ki ji shi a bakin wani. Dole a sami hanya fiye da ɗaya ta kai rahoto: lambar waya, shafin intanet, da adireshin aika takarda. Dole wanda ya kai rahoto ya sami shaidar an karɓa cikin kwanakin da doka ta ƙayyade, sannan a sanar da shi inda aka kwana. Dole sunansa ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku waɗanda ba sa ƙarƙashin wanda ake ƙara. In kuma aka canza masa aiki, ko aka ba shi takardar tuhuma jim kaɗan bayan rahoton, kamfani ne zai nuna cewa ba ramuwa ba ce. Babu inda aka ce a ci mutuncin wanda ya riƙe tsohon tsari.

Yanzu mai wuyar. Ba zan sauka gida ba, Yaya. Kwana biyu zan yi ina jin ta bakin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. In suka ga da safe na fito daga motarki, wa zai buɗe mini baki? Ki yi haƙuri, ki kuma ba Kaka haƙuri. Da an gama aikin zan zo in yi mako guda, ki zage ni son ranki.

Kunkurunki

2 ga Afrilu

Lauya,

Da fatan murar ta sake ki. Kaka lafiya, sai dai kwana biyun da kika yi a garin nan ba ta bar tagar ɗakinta ba. Na ce mata doka ce ta hana ki zuwa, ta ce wace doka ce ta fi wadda ta goye ki.

Na gan ki ranar Talata daga tagar ofishina, kina tsallaka fili da jakar fata, Shugaba da kansa yana riƙe miki ƙofa. Ni shekara goma sha huɗu ƙofar nan da kafaɗa nake tura ta. Kika ɗago kika gyaɗa mini kai kamar mun taɓa haɗuwa a layin asibiti. Abokin aikin naki ya zauna da ni awa guda, ya sha shayina, bai rubuta ko rabin shafi ba.

Jiya aka raba mana daftarinku. Na karanta shafi ashirin da biyu ban sami kaina ba sai a sakin layi na tara, inda kika ce mai karɓar rahoto kada ya kasance wanda yake gane rubutun ma'aikata ko yake shiga cikinsu kullum. Ai da sunana kika rubuta kin huta. Yaushe sanin mutane ya zama laifi?

Bari in nuna miki yadda ake aiki a inda mutane suke, ba a takarda ba. Ni duk Litinin da safe nake buɗe akwati. Ba a sa suna, amma ma'aikata ɗari uku ne, ni na ɗauki mafi yawansu, na san hannun kowa. In na karanta sai in sauka cikin masana'anta in zagaya. In na iso wurin mai takardar sai in tsaya, in tambaye shi gida, in dafa masa kafaɗa. Ba na furta komai, shi dai ya san an ji shi. Wace lambar waya ce za ta dafa wa mutum kafaɗa?

Ko a watan jiya haka aka yi. Akwai wata mai aiki a injin yanka, Uwar Biyu muke ce mata saboda tagwayenta. Ta rubuto cewa an cire murfin ƙarfen da ke kare hannu daga wuƙar injin don aiki ya yi sauri. Na tsaya wurinta a ranar, na kai maganar sama ba tare da sunanta ba, kafin Juma'a an mayar da murfin. Kwana huɗu! Naku tsarin har wata uku ya ba da. Ita kam tun daga nan abubuwa suka ɗan cakuɗe mata, Manajan sashe ya mayar da ita sito ɗaukar kaya, makon jiya kuma ya ba ta takardar tuhuma kan makara, amma wannan wata magana ce dabam.

Na san wani ne ya ɓata ni a wurinki. Faɗa mini ko waye, ba abin da zan yi masa. Ina dai son in san wanda nake wa murmushi.

Yayarki, in har yanzu akwai wannan a daftarin

12 ga Afrilu

Yaya,

Na warke sarai. Maganar Kaka a taga ta tsaya mini a wuya, na kira ta jiya mun yi hira, ta ce ke ma ba ki cin abinci sosai.

Ba zan gaya miki wanda ya ce komai ba, ko abin da aka ce. Na yi wa mutum arba'in da ɗaya alkawari a ɗakin nan, kuma in na karya shi saboda ke, babu amfanin shafi ashirin da biyun.

Abu ɗaya zan faɗa, don shi sirrina ne ba nasu ba. Kin ce kina jin haushin an riƙe mini ƙofa. Ni kuma kwana biyu na yi ina jin yadda ake ambaton ki a masana'antar nan, daga bakin maigadi har masu shara a fili, kowa Mama yake ce miki. Ni a ofishinmu in na yi rashin lafiya saƙo ake turo mini ana tambayar yaushe zan miƙa fayil. Ke kika rufe wa Baba ido, ni ina ɗakin jarrabawa. Kina ganin ban taɓa fatan mu yi musaya ba?

Sakin layi na tara ba don ke na rubuta shi ba, yana cikin duk tsarin da muke yi. Amma tunda kin tambaya, ga layi biyu daga wasiƙarki, na kwafo su yadda kika rubuta. Na farko: "Na tsaya wurinta a ranar." Na biyu: "Manajan sashe ya mayar da ita sito." Kin ce wata magana ce dabam. Roƙona kawai ki karanta su tare, ba tare da kin tuna ni ce na turo ba.

Kunkurunki

19 ga Afrilu

Lauya,

Muna lafiya. Na ga kin fara yi mini shari'a da maganata, kina ja mata layi kamar takardar jarrabawa. Wato ni ce mai kai wa Manaja tsegumi ke nan? Bakina bai taɓa furta sunan mutum ɗaya ba cikin shekara goma sha huɗu, Allah ne shaidata. Kunkuru yana son dambe ba shi da yatsa. Ki ƙarasa aikinki a biya ki, ki bar mini akwatina. Batun Baba kuma kada ki ƙara sako shi cikin wannan.

Yayarki

31 ga Mayu

Yaya,

Mako shida ke nan ban ji daga gare ki ba. Na kira sau uku, 'yarki ce take ɗauka ta ce kina wanka. Da fatan fatarki ba ta saɓule ba. Ina fatan Kaka da yara suna lafiya.

Ban ce kin kai tsegumi ba. Ko a gaban alƙali zan rantse ba ki taɓa ba. In wasiƙata ta zo miki da wannan fuskar, laifin alƙalamina ne, ki yafe mini, na Baba kuma na karɓi laifi.

Ina so ki ji wannan daga gare ni kafin takardar ofis ta iso. Daraktocinku sun amince da tsarin, zai fara aiki ranar ɗaya ga Yuli. Rahotanni ba wurina za su zo ba, wani ofishi ne mai zaman kansa zai karɓa, ni ba zan taɓa ganin ko ɗaya ba. Za a cire koren akwati a ranar, za a kuma nemi ki miƙa makullin. Na nemi a bar shi don shawarwari irin na gyaran famfo da fitila, aka ƙi, aka ce mutane za su ruɗe su jefa abin da bai kamata ba. Na yi ƙoƙari, Yaya. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Kunkurunki

9 ga Yuli

Kunkuru,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Kaka ta samu sanda mai ƙafa huɗu, yanzu har bakin ƙofa take zuwa ta yi wa masu wucewa faɗa. Ni ce dai ban cika lafiya ba, kuma ba ciwon asibiti ba ne. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Wasiƙarki ta watan Afrilu na jefa ta cikin durowa na ce hassada ce irin ta masu digiri. Na ci gaba da zagayena. Litinin ta biyu a watan Yuni na buɗe akwati na sami takarda ɗaya, wani yana ƙorafin an tare ƙofar gudun gobara da tarin kwalaye. Na gane hannun, na sauka zan je wurinsa. A hanya sai na ga Baba Mai Gam, dattijon da ke kan injin liƙa, yana ɗingishi. Na tsaya na tambaye shi ƙafar, na dafa masa kafaɗa. Kafin in ƙarasa wurin mai takardar aka kira ni waya a ofis, na juya. Maganar ƙofa kuwa na kai ta sama da rana kamar yadda na saba.

Ranar Laraba aka cire Baba Mai Gam daga injinsa aka kai shi lodin mota, mutumin da ko tsayuwa wahala take ba shi. Na same shi a bakin sito yana haki, na ce me ya faru. Sai ya ce, "Mama, ni ko rubutu ban iya ba. Me ya sa kika tsaya a kaina?"

Na ce masa gaisuwa ce kawai. Ya ce, "Ranar Litinin ba a gaisuwa. Kowa ya sani, in kin sauko Manaja yana tsaye a gilashin ofishinsa."

Kowa ya sani, Kunkuru. Maigadi ya sani, masu shara sun sani, su da suke ce mini Mama. Shekara da shekaru in na sauko kowa yana sunkuyar da kai a kan injinsa, ni ina ɗauka girmamawa ce, ashe addu'a suke kada in tsaya. Babu wanda ya iya gaya mini don kada ya ɓata mini rai. Litinin da ta biyo na sauka ban tsaya wurin kowa ba, na ɗaga kai kawai. Yana nan a gilashin da kofin shayinsa.

Kin san ni da ajiye littafi. Duk takardar da na taɓa cirowa na rubuta ranarta da harafin farko na sunan mai ita. Na kwashe littattafan na jera su da fayilolin ma'aikata a kan tebur ranar Asabar. Cikin shekara shida da zuwan wannan Manajan, mutum ashirin da uku ne suka yi ƙorafi a kan sashensa. Goma sha bakwai sun bar aiki ko an sallame su kafin shekara ta zagayo. Wasu ma ni na buga musu takardar sallama, ina jajanta musu. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ni ce tsagar, har da murmushina.

Uwar Biyu ta samu takardar tuhuma ta uku, an sa ranar zama a kanta sha ɗaya ga watan nan na Yuli, kuma ni ya kamata in rubuta bayanin zaman. Na yi tunanin zuwa wurin Shugaba, amma shi da Manaja mota ɗaya suke shiga zuwa cin abinci. Saboda haka ranar ɗaya ga wata, ƙarfe takwas da minti biyar, na zauna cikin motata a wajen get na buɗe shafin naku a wayata. Na yi ta neman inda zan kushe ban samu ba, abin da ya ƙara mini haushi ke nan. Na rubuta komai, na ɗora hotunan littattafaina, na sa sunana. Na rubuta cewa ta hannuna sunayen suka fita. Na karanta sakin layinki da ya ce ana kare wanda ya kai rahoto da gaskiya, ban dai ga inda ya yi maganar wanda shi ne ƙofar ɓarnar ba. Kada ki amsa mini wannan, na san ba ki da iko.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo cewa an karɓa. Shekaranjiya kuma takarda ta zo daga daraktoci cewa an dakatar da zaman Uwar Biyu da duk wani canjin aiki a sashen har a gama bincike, ba a faɗi dalili ba. Baba Mai Gam ya koma injinsa. Ni ban san ko kujerata za ta kai ƙarshen shekara ba.

Abin da nake so ki sani shi ne, duk makon nan ina zaune a ofis, da na ji taku a baranda sai in fara jiran wani ya shigo ya tsaya a kaina ya dafa mini kafaɗa. Babu wanda ya zo. Manaja ya gaishe ni jiya a bakin matakala kamar kullum. Ban taɓa sanin rashin kulawa yana da daɗi haka ba.

Mutanen kamfani sun ciro akwatin da kansu, suka ɓalle kwaɗon, babu ma wanda ya tuna ya tambaye ni makulli. Ga shi nan na naɗe miki cikin takarda, shi ne abin da kika ji yana motsi a ambulan. Ki ajiye, ko ki yar.

Kada ki ɗauka na huce. Har yanzu in na tuna Shugaba yana riƙe miki ƙofa sai haushin ya dawo mini sabo, kuma ina jin zan mutu da shi. Ɗakinki yana nan, kin yi alkawarin mako guda na zagi, na tanadi na kwana goma. In kin zo zan nuna miki saƙon da suka turo, don ki ga lambar da aka ba rahotona. Lamba ɗaya ce, Kunkuru. A wannan dai na riga kowa.

Yayarki